Shaidar Raƙumi a Bayan Kati

Ban sayar wa mai tsire da mujalla ko ɗaya ba. Da wannan zan fara, kuma ba na neman afuwar kowa. Ranar sunan jikata, ɗiyar Mariyama, ina zaune a ɗaki, labule ne kawai tsakanina da mata, na ji wata daga dangin mijinta tana gaya wa ta kusa da ita wai ni ce aka karɓe wa makulli a bibliyotek, ɗakin karatun gari, saboda ina kwasar mujallu ina kai wa masu nama su naɗe tsire. Tana faɗa tana cin shinkafar da na dafa. Mariyama ta ji, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi maganar yi mini zafi. A nan na gane ku ƴaƴana ba ku san abin da ya faru ba, kun dai tashi kun tarar ana faɗa. An karɓe mini makulli, gaskiya ne. Na yi laifi, shi ma gaskiya ne, har guda biyu. Amma ba wanda ake faɗi ba ne. Tunda Allah ya sa na iya riƙe bik kafin in mutu, zan rubuta muku da hannuna, ku karanta wa duk wadda ta sake buɗe baki.

Kun san da tsintsiya na shiga bibliyotek ɗin nan. Shekaru na yi ina share ƙarƙashin littattafan da ban san abin da ke cikinsu ba, wani lokaci in mayar da littafi kai ƙasa, ƴan lise, ɗaliban sakandare, su yi ta dariya. Na kusa arba'in sannan na shiga karatun manya, kur dadil, da yamma bayan na sauke tukunya. Gwaggonku Tamu, yayar babanku, ta ce tsufa ne ya zo mini da hauka. Matan da muka fara tare suka watse ɗaya bayan ɗaya, ni na tsaya, don na rantse sai na san abin da nake sharewa. Da tsohon direkta ya lura ina tsayawa bakin tebur ina karanta sunayen jaridu da motsin leɓe, sai wata safiya ya ciro ƙaramin makulli daga aljihu ya ajiye gabana. Makullin armuwar mujallu ne, wato kabad ɗinsu, da akwatin katunansu. Na sa masa igiyar fata na rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Ban bar shara ba, amma daga ranar nan ban ƙara zama mai shara kawai ba.

Aikin ba shi da wuya ga mai haƙuri. Duk jarida ko mujallar da muke da abonma da ita, wato wadda ake aiko mana a kai a kai, tana da katinta. An ja layuka a kan katin gida-gida, kowane wata da gidansa. In kar ɗin Yamai, motar fasinja, ya iso ko aka kawo buhun posta, ni ke kwance ƙunshi, in buga kashe, hatiminmu, a bango, in buga wani a shafin tsakiya, in nemo katin in rubuta nimero, wato lambarta, da ranar da ta iso. Gidan da ya zauna fayau, ba ta zo ba ke nan. Ku riƙe zancen kashen nan, don takardar da ta bi ta hannuna ba ta ɓuya, kuma har yau babu mahaluƙin da ya kawo takardar tsire mai kashenmu ya nuna. Doka kuma ɗaya ce: littafi yana fita ga wanda sunansa ke rajista, mujalla ba ta fita ko ga wa. A ɗakin ake karanta ta, a ɗakin ake barin ta.

To akwai wata mujallar kiwo da ke zuwa kowane wata, mai hotunan cututtukan dabbobi da maganinsu, har da wasu shafuka cikin Hausa. Mutanen gari ba sa taɓa ta. Malamai na son ta siyasa, samari na son ta ƙwallo. Masu bukatarta suna daji. Wata shekara wani madugun ayarin gishiri, Agali, mutumin Abzin, ya shigo neman ruwan sha da inuwa, ya ga bangonta, hoton raƙumi da kumburi a wuya, ya tsaya cak. Ya ce irin wannan ne ya kashe masa amale biyu a hanyar Fachi. Shi bai iya boko ba, amma a ayarinsu akwai wanda ya yi lakwal. Na ce ya kawo shi nan su karanta. Ya ce gobe da asuba za su tashi, sai bayan kwana arba'in. Na dube shi, na dubi mujallar da ta yi wata bakwai babu wanda ya ɗaga ta, na naɗe ta na ba shi. Na juya katin na ce ya sa hannu. Ya karɓi bik ya riƙe kamar wuƙa, ya zana ƴan layuka uku da ɗigo.

"Wanga mi ne ne?" na ce.

"Shaidar da ke cinyar raƙumana. Daga nan har Bilma, duk wanda kika nuna wa, zai kai ki tantina."

Ya dawo da ita tana warin gishiri. Daga nan abin ya zama al'ada. Wata mata mai awaki a Ingal ta ji labari, wani malamin lakwal a Dirku yakan aiko direban babbar mota, wasu makiyaya ma sukan biyo in sun shigo kasuwar dabbobi. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunansa, wanda bai iya ba ya zana shaidar dabbobinsa, duk a bayan katin, ni kuma in sa nimero a gefe, in soke shi ranar da aka mayar. Wata rana tsohon direkta ya ɗauki katin ya juya, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da shi yadda yake.

"Zainabu, ni gaban kati kawai aka koya mini karantawa."

Bai ƙara cewa komai ba har ya yi ritaya.

Shekarar da nake ba ku labari, da bazara, aka turo sabon direkta, Mushe Idi, tare da wata mata daga Yamai, Madam Rakiya, wadda ta yi karatun aikin bibliyotek na gaske, da takardarta. Tare da su aka sauke ordinatar, wato kwamfuta. Tun ranar da aka ɗora shi a tebur aka lulluɓe shi da zane don rairayi, ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Ban san me nake tsoro ba tukuna. Na dai ga abin da na yi shekaru ina koyo da motsin leɓe, ita tana yin sa da yatsa biyu tana hira. Aka ce duk abin da ke katuna za a zuba shi cikin mashin. Muka zauna ni da ita sati uku, ni ina karantowa, ita tana bugawa, in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke mu jira, in ya dawo mu ci gaba. Ni ke riƙe da katunan. Kowanne na karanta gabansa in kife shi a cinyata. Da muka zo kan na mujallar kiwo, ta ɗago kai, ko ta ga tawada ta huda ne, oho.

"Tanti, bayan katin babu komi?"

"Babu abin da mashin zai ci, Madam."

Ta yi dariya ta ci gaba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma na san abin da na yi. Na ji tsoron in na juya katin za a ce na karya doka, a karɓe makulli, a kuma hana mutanen daji. Sai na zaɓi in yi shiru in ga yadda Allah zai yi.

Zan faɗi gaskiyar mashin ɗin nan, don kada ku ce tsohuwa ce kawai ke ƙin sabon abu. Ya fi ni a wani wuri. Ni in gida ya zauna fayau a kati, sai in ce hanya ce, don a garin nan komai a makare yake zuwa. Shi kuwa yana ƙirga kwana, in ya wuce sai ya sa ja. Ba a yi kwana biyu da gama zubawa ba Madam Rakiya ta kira ni ta nuna mini layi ja wur.

"Tanti, mujallar ungozomomi wata biyar ba ta zo ba."

"Hanya ce, Madam. Za ta zo."

"Wace irin hanya ce ta wata biyar? Ko da jaki aka ɗauko ta ai da ta iso."

Mashin ɗin da kansa ya fitar da wasiƙar tuni, ta aika, ba a jima ba sai ga biyar ɗin a ƙunshi ɗaya, ashe can aka manta da mu. Ƴan matan da ke koyon aikin asibiti suka zo suka yi ta kwafa. Na ji kunya, kunya ta gaske, don katin yana hannuna duk watannin nan, idona na ganin gidajen fayau, ban motsa ba. Wannan ban taɓa musunsa ba.

Bayan haka Mushe Idi ya ce sistem biyu ba ya yiwuwa a gida ɗaya, wani zai rubuta nan ya manta can. Ya ce a ƙone katunan tare da tsofaffin takardu a bayan katanga. Wa ke ƙona shara in ba ni ba? Na tara tsofaffin kwalaye na cinna musu wuta har hayaƙi ya kai tagar biro ɗinsa, ofishinsa ke nan, katunan kuwa na kwaso su ƙarƙashin mayafi, sau uku, na zuba a adudun da nake ajiye zannuwan aurena. Ina tafiya ina jin kamar duk Agadas ni take kallo. Ga laifina na biyu. Na farko kun riga kun ji shi, kuma ban daina ba. Da damina ta wuce, makiyaya suka watse daga Ingal, lokacin ayari ya yi, sai ga Agali a ƙofa, ya ƙara tsufa, rawaninsa ya rufe komai sai ido. Madam Rakiya ta fita taro a meri, ofishin magajin gari. Ya dubi ordinatar a lulluɓe.

"Malama, wa ya mutu kuka rufe?"

"Ni ce na kusa. Bana babu, Agali. An canza aiki."

"Bana ne kuwa nake so. Tari ya shiga raƙuma tun Tabelot, uku ba su cin ciyawa. In suka faɗi cikin hamadar Tenere, gishiri da dabino sai in bar wa iska."

Na ce masa doka. Ya ce dokar ai da ma tana nan. Na buɗe armuwar, na ɗebo na shekarar guda tara, na ce ya biyo ta gida da la'asar. A zaure, gaban babanku yana bakin maƙerarsa, Agali ya zana layukansa uku da ɗigo a bayan katin, na rubuta nimero tara a gefe. Uku kuma suna Ingal tun kafin nan, biyu suna Dirku.

Sati uku bayan tashin ayari aka ce za a yi ƙidayar kaya, don ansipekta zai zo daga Yamai. Da can ƙidaya ni ke yin ta, in na ce suna nan, suna nan. Yanzu mashin ya fitar da doguwar takarda, Madam Rakiya na kira, ni ina ɗagawa daga armuwar. Ta kira ta siyasa, na ɗaga. Ta ƙwallo, na ɗaga. Ina jin muna matsowa kamar mai gangara rijiya. Ta kira ta kiwo, nimero na farko. Na tsaya da hannu cikin armuwar. Ta sake kira. Ta kira goma sha huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ban ɗaga ko guda ba. Mashin ya ce sun iso, don ni na ce sun iso. Mashin ya ce babu wanda ya are su, babu ma wanda ya karanta su a ɗaki duk shekara, saboda haka ya sa mujallar a jerin waɗanda za a yanke wa abonma. Kafin azahar gardi, mai gadinmu, ya gaya wa mai shayin ƙofa cewa shi da idonsa ya ga tsire naɗe cikin takarda mai hoton saniya a tasha. Wace takarda ce a ƙasar nan ba ta da hoton saniya? Amma kafin la'asar zancen ya riga ni isa unguwa.

Washegari Mushe Idi ya kira ni biro, ya rufe ƙofa, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi da komai. Ya turo mini wata takarda da aka buga da faransanci.

"Madam Zainabu, gobe ansipekta zai iso. Ga abin da na rubuta: gara ta shiga armuwar da damina, ta ci nimero goma sha huɗu, mun zubar. Ki sa hannu, in sa, shi ke nan. Makullinki na wuyanki."

"Gara ba ta shiga armuwata ba, Mushe."

"Na sani." Ya cire tabarau ya goge. "Ban tambaye ki inda suka tahi ba, kuma ba ni son in sani. Kowa na da iyali, kowa ya san yadda wata ke ƙarewa. Ni dai kada a sake."

Sai a nan na fahimta. Mutumin nan ya riga ya yarda na sayar. Tausayina yake ji. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki in ce suna hanyar Fachi, sai na tuna in na faɗa zai ce ina shaida, shaida kuwa tana cikin adudu, a katunan da ya ga hayaƙinsu da idonsa. Agali yana inda babu waya, babu mota, sai nan da kusan sati uku. Na ninke takardar.

"A makare na koyi karatu, Mushe. Ba ni sa hannu a tsaye. Zan kai gida in karanta."

Ina fitowa Madam Rakiya ta biyo ni har gindin icen bedin da ke ƙofa. Ta rage murya.

"Tanti, mashin bai ce kin yi sata ba. Cewa ya yi babu su."

"To a bakin mutane ina bambanci?"

"Abin da aka ba shi kawai ya sani. In akwai abin da ba ki ba shi ba, ki ba shi. Ran nan na tambaye ki."

Ashe ba ta manta ba. Na wuce gida.

Da la'asar muna tsakar gida. Babanku ya fito daga maƙera ya ɗora shayi a gawayi, gwaggonku Tamu ta zo musamman, don ta ji zancen a famfo, ta zauna a tabarmata ta miƙe ƙafa. Ku kuna ta shiga da fita, ba ku san abin da ake ciki ba. Na karanta musu takardar, kalma-kalma, ina juya musu ita da Hausa. Tamu ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Sa hannu mana! Mutum ya buɗe miki ƙofa kina tambayar wa ya sassaƙa ta. Gara! Wa zai kai gara gaban alƙali?"

"Yaya, kowa zai san ba gara ba ce."

"Yanzu ma kowa ya sani. Ni na ce miki tun farko, mace da jikoki a hanya mi ya kai ta karatu? Da tsintsiyarki kika riƙe, wa zai ƙirga miki ƙura?"

"In na kai katunan, makulli ya tahi. Na ba da abin da aka ce kada ya fita, na ɓoye abin da aka ce in ƙona."

"To kin gani. Nan ki rasa makulli, can ki riƙe makulli. Ko ɗan yaye ya san wanda zai ɗauka."

Babanku, kun san shi, yana ta ɗaga buta yana zuba shayi daga sama yana mayarwa. Ni kuwa na ji maganar Tamu tana shigata. Makullin nan shi ne abin da na samu da kaina a duniya, ba gado ba, ba aure ba. Na tuna ƴan lise da dariyarsu. Na tuna yadda zan koma in riƙa share gaban armuwar wani na buɗe ta. Har na ce wa Mariyama ta miƙo mini bik daga jakarta ta lakwal. Sai babanku ya ajiye buta.

"Zainabu, in Agali ya dawo da su fa?"

Na dube shi.

"A zauren nan ya zana shaidarsa. Mutumin nan ko allura ya ara sai ya mayar. Zai shigo bibliyotek da rana tsaka da guda tara a hannu, ya ce Malama ga kayanki. Ke kuma kin sa hannu gara ta cinye su. Mi za ki yi da su?"

Tamu ta kwashe da dariya har tana dukan cinya.

"Wanga ai mai sauƙi ne! Ki tare shi a hanya ki karɓe, ki kai wa mai tsire. Ba an riga an ce ba? Ko banza mu ci nama."

Wasa take yi, Allah ya jiƙanta, bakinta ne haka. Amma dariyar ba ta kai kunnena ba, don na ga abin tsaye a gabana. In na sa hannu, dole in tare Agali a bayan gari kamar ɓarauniya, in karɓi mujallu masu kashena biyu, in ƙone su ko in binne su, da na Ingal, da na Dirku. Abin da ban yi ba, takardar nan za ta sa in yi shi da hannuna. Kuma abonma a yanke, don mashin zai ci gaba da cewa babu mai karantawa, baɗi Agali ya zo in ce masa babu, ba kuma za a sake yi ba. Na mayar wa Mariyama bik ɗinta. Tamu ta ce za ki yi nadama. Na ce na sani. Ta tashi ta kaɗe zane ta tafi ba ta sha shayi na biyu ba, muka yi wata guda ba ta taka gidan nan ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An karɓi makullin, aka rubuta mini takardar gargaɗi, na ƙarasa shekaruna da tsintsiya da buga kashe in an ba ni. Ya yi mini ciwo, har yau yana yi, ba zan ce muku bai yi ba. Bayan kwana goma sha tara Agali ya shigo da guda tara ɗaure da igiyar kaba, ɗaya bangonta ya yage, ya ajiye a tebur gaban Mushe Idi da jakar dabino, kuma dabinon kowa ya ci, har gardi. Na Ingal sun dawo. Na Dirku ɗaya ta dawo, ɗaya ba ta dawo ba har yau, wannan kuwa a wuyana take, ban ɗora wa kowa ba. Madam Rakiya ta tsaya tsayin daka ba a yanke abonma ba, ta ce ga masu karatu nan a rubuce, ko da ba da haruffa ba. Amma labarin dawowar mujallu bai kai famfo ba, don ba shi da daɗin faɗa kamar na tsire. Shi ya sa har yau ake cin shinkafata ana faɗin wancan.

Ni dai safiyar da ansipekta ya iso nake so ku riƙe. Na yi sallah, ban karya ba. Na zazzage adudu a kan gado, na ware zannuwa gefe, na tattara katunan duka na ɗaure a ɗankwali, na ɗora a ka, ba ƙarƙashin mayafi ba. Na bi ta gaban babban masallaci, na bi ta famfo inda mata suka riga suka yi layi, na gaishe su ɗaya-ɗaya, suka bi ƙunshin da ido. Ban canza hanya ba. Na tarar da Mushe Idi a biro da baƙon Yamai, Madam Rakiya na cire wa ordinatar zanensa. Na yi sallama, na ajiye takardar gara a tebur ba sa hannu. Na kwance ɗankwali, na zaro katin mujallar kiwo, na kife shi bayansa na kallon sama. Sannan na ciro igiyar fata daga wuyana da kaina, na ajiye makullin a gefensa, na ɗora yatsa kan layuka uku da ɗigo.

"Madam, zauna ki buga. Zan karanto miki bayan."